Wa ya tsara kiɗan Duke Ellington? Fashin baƙi kan suna, haƙƙi da gumin makaɗa

Ranar 30 ga Afrilu ce hukumar UNESCO ta ware a matsayin ranar kiɗan jaz ta duniya, kuma jajibirinta, 29 ga wata, ita ce ranar haihuwar Duke Ellington. Shi ya sa duk ƙarshen Afrilu sunansa kan cika gidajen rediyo da shafukan intanet, a bi shi da kirarin da aka saba: baƙar fatar Amurka da ya bar kiɗe-kiɗe sama da 1,000, ya kuma riƙe ƙungiyar makaɗa guda har shekara 50. Amma a bayan kirarin akwai gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na ganin shi kaɗai ya zauna ya fitar da duk wannan daga kansa. Wasu kuwa cewa suke ya ci gumin yaransa ne, ya ɗora sunansa a kan abin da ba nasa ba, har suna kafa hujja da cewa taken da ƙungiyarsa ta fi shekara 30 tana buɗe wasa da shi ma wani ne ya rubuta. To ina gaskiyar take? Ba za a gane ba sai an san yadda ake haɗa irin wannan kiɗa, da kuma wanda doka ke biya idan kuɗi ya shigo.

Hannu uku ke cikin kiɗan jaz

Jaz ya taso ne a tsakanin baƙaƙen fatar kudancin Amurka, musamman birnin New Orleans, a farkon ƙarni na 20. Yawancinsa kiɗa ne zalla, babu baiti. Saboda haka idan aka ce wane ya rubuta, ba kalmomi ake nufi ba, sauti ake nufi, wanda ake zanawa a takarda da alamomi na musamman don makaɗi ya duba ya busa.

Aikin kashi uku ne. Akwai kari, wato ɗan zaren sautin nan da mutum kan tafi da shi gida yana feɗuwarsa. Akwai haɗi da rabon muryoyi: wane ƙaho zai ɗauki karin, wane zai bi ƙarƙashinsa, ina za a yi shiru, ina za a taso gaba ɗaya. A ƙungiya mai mutum 15 ko 16 wannan shi ne aiki mafi nauyi. Na uku shi ne busa daga ka, inda ake sakar wa makaɗi ɗaya fili ya ƙirƙiri nasa nan take a kan shimfiɗar da aka yi masa.

Dokar haƙƙin mallaka ta wancan zamani, da al'adar kamfanonin wallafa kiɗa a takarda, kari da baiti suka fi sani. Wanda sunansa ya hau takardar rajista shi ke karɓar kuɗi duk lokacin da aka sa kiɗan a rediyo ko aka sayi faifai, shekara bayan shekara, har magadansa su gada. Wanda ya busa kuwa kuɗin aikin ranar kawai yake samu. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗan gargajiya ya san irin wannan: wani daga cikin 'yan amshi kan jefa ɗan salo a wurin gwaji, maigida ya ɗauka ya gina waƙa a kai, duniya kuma ta san waƙar da sunan maigida. Bambancin shi ne a Amurka akwai takarda, kuma takardar tana haihuwar kuɗi.

Daga Washinton zuwa Harlem

An haifi Edward Kennedy Ellington a 1899 a birnin Washinton, a gidan da ake da rufin asiri. Mahaifinsa da mahaifiyarsa Daisy duk suna kaɗa fiyano. Abokan ƙuruciya ne suka laƙaba masa Duke, sarautar Turawa, saboda tsafta da ƙasaitar da yake yi tun yana yaro. Da farko zane ya fi ƙwarewa a kai, har ya samu gurbin karatun zane a makarantar Pratt da ke Brooklyn bai je ba. Ya yi sana'ar rubuta allunan talla, yana haɗa wa masu biki makaɗa a gefe. Bai yi dogon karatun kiɗa a makaranta ba; kunne da zama wurin manya suka koya masa.

A 1923 ya koma Niyok da abokansa, a 1924 ya zama shugaban ƙungiyar. Ƙofar arziki ta buɗe a watan Disamba na 1927 da aka ɗauke su aiki a Cotton Club, gidan rawa a tsakiyar unguwar baƙaƙe ta Harlem, mallakar wani ƙasurgumin ɗan daba mai suna Owney Madden. Masu kiɗa da rawa baƙaƙe ne, masu shiga kallo farare. An ƙawata wurin da zanen daji, ana tallata kiɗan da sunan kiɗan kurmi, don abin da farare ke son gani ke nan game da Afirka. Abin da ɗaci. Amma daga ɗakin nan ake watsa kiɗan kai tsaye ta rediyo zuwa faɗin Amurka, kuma kowane sabon wasa na bukatar sabon kiɗa. Ya zauna can har 1931, kuma a nan ya koyi aikin da gaske.

Ba ya rubuta wa ƙaho, mai ƙahon yake rubuta wa

A nan zancen yake. Mai tsara kiɗa na Turai yakan rubuta cewa ƙaho na farko ya busa kaza, kowa ya riƙe ƙahon daidai ne. Ellington ba haka yake ba. A takardunsa, waɗanda cibiyar Smithsonian ke ajiye da su a Washinton tun 1988, sunan mutum ake gani a gefen layi, wani lokaci ma sunan tsokana. Ya san wanda sautinsa ke da kauri, ya san mai zaƙi, ya san wanda ba ya iya gudu amma idan ya ja sauti ɗaya sai jikin mutum ya mutu. Sai ya yanka wa kowa rigarsa daidai wuyansa.

Bubber Miley, mai busa ƙaho, da Joe Nanton, mai turambon, sukan rufe bakin ƙahonsu da robar nan ta zuƙe toshewar bututu, suna buɗewa suna rufewa, har ƙarfen ya riƙa gurnani kamar mutum na magana. Wannan sauti nasu ne, ba Ellington ya ƙago shi ba. Abin da ya yi shi ne ya gane darajarsa, ya gina gida sukutum a kansa. Johnny Hodges, wanda ya shigo a 1928, yana da busar saksofon mai santsi da ba a taɓa jin irinta ba, sai aka riƙa rubuta masa kiɗe-kiɗe masu taushi. Harry Carney, mai babban saksofon, ya shigo a 1927 yana matashi, bai fita ba har 1974, shekara 47. Kaurin sautinsa shi ne ginshiƙin ƙungiyar, kuma a shekarun baya shi ke tuƙa Ellington a mota daga gari zuwa gari, maigidan na gefe yana rubutu.

Sau da yawa ba da gamammen kiɗa yake zuwa wurin gwaji ba. Yakan zo da gutsattsari, a busa, ya saurara, ya ce wane ka karɓi layin wane, a juya nan, a yanke can. Wani makaɗi na ɗumama ƙahonsa a lungu sai ya fitar da ɗan kari mai daɗi, maigida ya ji ya riƙe. Bayan kwana biyu karin ya dawo da kai da ƙafa, an yi masa mabuɗi da marufi, an raba shi ga mutum 15.

A ɗauki Mood Indigo na 1930. Wani sashe na karin daga Barney Bigard ya fito, mai busa kilarinet, shi kuma ya ce daga malaminsa na New Orleans, Lorenzo Tio, ya samo shi. Amma abin da ya sa duniya ta tsaya ta saurara shi ne juyin da Ellington ya yi wa muryoyin. Kilarinet da aka saba ji a sama ya mai da ita can ƙasa, turambon da aka saba ji a ƙasa ya tura shi sama, ya toshe bakin ƙahonin. Sai aka ji wani sauti mai sanyi wanda babu kayan kiɗa ɗaya da ke fitar da shi. Karin na Tio ne ko na Bigard, amma wannan sauti na Ellington ne, kuma ni a ganina wannan ma rubuta kiɗa ne cikakke.

Ga kuma ƙuncin faifan garmaho na lokacin, wanda kowace fuska ba ta ɗaukar fiye da minti 3 da ɗan kai. A cikin wannan ɗan fili yake shirya farko da tsakiya da ƙarshe. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1935 ya rubuta kiɗan juyayi da ya ci fuska huɗu, abin da ba a saba gani ba daga shugaban makaɗan rawa.

Sunayen da suka hau, da waɗanda aka bari a ƙasa

Masu suka ba su rasa hujja ba. Tun 1926 Ellington ya ƙulla yarjejeniya da Irving Mills, farar fata mai kamfanin wallafa kiɗa, wanda ya karɓi kashi 45 cikin 100 na harkar. Mills ya yi aiki: shi ya nemo kwangiloli, ya sa su a fina-finai, ya kai su Ingila a 1933, ya kuma dage a tallata Ellington a matsayin babban mai fasaha, ba ɗan kiɗan mashaya ba. Amma sunansa ya hau kan kiɗe-kiɗe da dama a matsayin abokin rubutu, kuma masana da yawa na shakkar ko ya rubuta abin a zo a gani a cikinsu. Sun rabu a 1939. Wato shi kansa Ellington an ci nasa gumin kafin a zarge shi da cin na wasu.

Sai dai abin da aka yi masa, shi ma ya yi wa na ƙasa da shi. Lawrence Brown, mai turambon, da Otto Hardwick, mai saksofon, sun ce su suka kawo karin Sophisticated Lady, amma sunansu bai hau ba. An ruwaito cewa Brown ya taɓa gaya masa ido da ido cewa shi bai ɗauke shi mai ƙirƙira ba, mai tattarawa ne. Ana kuma ba da labarin yadda Hodges kan murza 'yan yatsu a kan dandamali, alamar kuɗi, idan aka fara wani kiɗa da yake ganin daga bakinsa ya fito. Al'adar ita ce a ba makaɗi 'yan daloli a hannu a sayi karin, shi ke nan. Ranar da kiɗan ya karɓu aka sa masa baiti, kuɗin ya wuce ta kansa.

Ba kowa aka hana ba. Sunan Miley na kan manyan kiɗe-kiɗen farko, na Bigard na kan Mood Indigo, Juan Tizol ɗan Puerto Rico kuma an san shi da Caravan. Amma babu wata ƙa'ida tsayayya. Maigida ke yanke wa zai hau wa zai sauka, kuma wannan shi ne aibin.

Billy Strayhorn

Maganar Strayhorn daban take, don shi ba kari yake jefawa ba, cikakken mai tsara kiɗa ne. An haife shi a 1915, ya tashi a Pittsburgh, ya yi karatun kiɗan Turai sosai. A ƙarshen 1938 aka kai shi wurin Ellington bayan wasa, ya zauna a fiyano ya nuna abin da ya iya. Ellington ya ce ya same shi a Niyok, ya rubuta masa kwatancen jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai hau zuwa Harlem. Daga wannan kwatance Strayhorn ya fitar da Take the A Train.

Yadda kiɗan ya zama taken ƙungiyar ma rigimar kuɗi ce ta jawo. A farkon 1941 gidajen rediyon Amurka suka daina sa duk wani kiɗa na 'yan ƙungiyar ASCAP, mai karɓar wa marubuta kiɗa haƙƙinsu, saboda saɓani kan farashi. Ellington ɗan ƙungiyar ne, saboda haka aka wayi gari ba a iya sa kiɗansa a iska. Strayhorn da Mercer, ɗan Ellington, ba 'yan ƙungiyar ba ne, sai aka ɗora musu rubuta sababbi cikin gaggawa. Abin lura a nan shi ne sunan Strayhorn ne a kan wannan kiɗa tun ranar farko, kuma Ellington kan faɗi haka a gaban jama'a. Masu cewa ya sace taken nasa sun yi kuskure.

Inda matsalar take shi ne sauran aikin da ba a gani. Kusan shekara 28 suna tare. Strayhorn ya shirya kiɗe-kiɗe masu yawa da ba a ambace shi ba, wasu nasa kuma aka haɗa sunan maigida a kai. Ba shi da tsayayyen albashi irin na sauran. Ellington ke biyan kuɗin hayarsa da suturarsa da tafiye-tafiyensa. Rayuwa ce ta jin daɗi, amma mutum bai san iyakar abin da ya mallaka ba. A farkon shekarun 1950 ya ja jiki ya nemi nasa. Da ya dawo sosai wajen 1956 aka fara rubuta sunayen biyu a kan manyan ayyuka.

An daɗe ana cewa ba a iya bambanta hannun mutanen biyu. Littafin David Hajdu na 1996 kan rayuwar Strayhorn, da binciken Walter van de Leur, ɗan ƙasar Holan da ya bi takardun asali ɗaya bayan ɗaya ya fitar da littafi a 2002, sun nuna ana iyawa. Kowa da salon rubutunsa da yadda yake haɗa sautuka. Binciken ya ɗaga darajar Strayhorn ƙwarai, amma bai rushe Ellington ba, don tarin takardun da ke hannunsa na nan, kuma ya riga ya yi shekara fiye da 10 yana fitar da manyan ayyuka kafin su haɗu. Strayhorn ya rasu a watan Mayu na 1967 yana da shekara 51, sakamakon ciwon daji. A shekarar Ellington ya shiga ɗakin ɗaukar sauti ya yi faifai guda na kiɗe-kiɗen abokinsa zalla.

Ina kuɗin ya tafi?

Masu kare Ellington na da amsa mai ƙarfi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi: tafiya ta yi tsada, gidajen rawa sun rufe, jama'a sun koma wa mawaƙa masu murya. A ƙarshen 1946 manyan ƙungiyoyi da dama suka watse, Count Basie, wani shahararren shugaban makaɗan jaz, ma ya rage mutanensa a 1950. Ellington bai sallami tasa ba. Da kuɗin haƙƙin mallakar nan yake cike giɓin albashi, don yana son abin da ya rubuta da dare ya ji shi da safe. Tun a shekarun 1930, idan za su kudancin Amurka inda otal-otal ba sa karɓar baƙar fata, taragon jirgin ƙasa yake ɗaukar musu haya, su ci a ciki su kwana a ciki, kada a wulaƙanta su.

Shekarun sun yi tsanani. Hodges da Brown da mai ganga Sonny Greer suka fita a 1951. Sai a bikin kiɗan jaz na garin Newport na watan Yulin 1956 abin ya juyo, daren da Paul Gonsalves ya busa saksofon zagaye 27 ba tsayawa har jama'a suka hau kujeru. Faifan wannan dare ya fi duk faifansa kasuwa, mujallar Time ta sa hotonsa a bango. A lura, busa daga ka ce ta wani ta dawo da shi, irin aikin da doka ba ta rubuta wa kowa. Hodges ya riga ya dawo a 1955, Brown ma ya dawo a 1960, kuma da wuya a ce wani cikinsu ya yi abin da ya fi wanda ya yi a ƙarƙashin maigidan. Wannan hujja ce mai nauyi, amma ba ta goge bashin ba. Albashi na ƙarewa ranar da aka bar aiki, haƙƙin mallaka kuwa har jikoki.

Me ya sa aka dage sai a ce shi kaɗai ne?

Saboda Amurka ta wancan lokaci ba ta yarda baƙar fata zai iya zama babban mai tsara kiɗa ba, kuma ma'aunin da take amfani da shi na Turai ne: mutum ɗaya, ɗaki ɗaya, alƙalami ɗaya. Duk wanda ke son a girmama Ellington dole ya nuna shi a haka. A watan Janairu na 1943 ya kai Black, Brown and Beige babban zauren kiɗa na Carnegie da ke Niyok, kiɗa na kusan minti 45 da ke ba da tarihin baƙar fata tun daga bauta, masu sharhi da yawa suka yi masa ca. A 1965 alƙalan Pulitzer, babbar kyautar girmamawa ta Amurka, suka ba da shawarar a karrama shi, hukumar kyautar ta ƙi. Sai a 1999, shekara 25 bayan rasuwarsa, aka ba shi. A irin wannan yanayi, faɗin cewa aikin na taro ne tamkar miƙa wa maƙiya sanda ne.

Afirka ba ta jira Pulitzer ba. Gwamnatin Laberiya ta sa shi ya rubuta kiɗan cikar ƙasar shekara 100 a 1947. Ya yi wasa a Dakar a bikin fasahar baƙar fata na duniya a 1966, ya je Habasha da Zambiya a 1973, inda Sarki Haile Selassie ya ba shi lambar girma. Ya rasu ranar 24 ga Mayu, 1974, Carney kuma ya bi shi bayan 'yan watanni.

Abin da ya shafi mai saurare da ƙaramin makaɗi

Rigimar ba ta mutu da su ba. Magadan Ellington da na Strayhorn sun je kotu kan wani kiɗan ƙungiyar mai suna Satin Doll, inda aka yi jayayya ko haɗin sautukan da ke ƙarƙashin kari abu ne da za a iya mallaka. A 1993 alƙalin kotun tarayya a Niyok ya ƙi yarda da cewa haɗin ba zai taɓa zama abin mallaka ba. Wannan ya taɓa duk mai aikin bayan fage, har da matashin da ke haɗa kiɗa a kwamfuta a yau, wanda sau da yawa kuɗin zama ɗaya ake ba shi a sallame shi. Dangin Strayhorn sun kafa kamfanin da ke kula da ayyukansa, ana kuma yin wasanni da faya-fayai da sunansa shi kaɗai.

Lokaci ma na yanke nasa hukuncin. A dokar Amurka, kiɗan da aka wallafa a wancan zamani kan fita daga mallaka bayan shekara 95, saboda haka abin da aka wallafa a shekarun 1920 ya riga ya zama na kowa, na shekarun 1930 kuma na bi ɗaya bayan ɗaya a kowane Janairu. Sautin da aka ɗauka a faifai yana da nasa wa'adin daban, ya fi tsawo. Ga magadan Brown da Hardwick, waɗanda sunan kakanninsu bai taɓa hawa takardar Sophisticated Lady ba, wa'adin zai cika nan da 'yan shekaru ba tare da rajistar ta taɓa ambaton su ba.